Rufin Gidan Inna

Dryanitsa, 19 ga Maris

Zuwa ga matata Zlatka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da tsohuwar da kike jinya, da sanyin Italiya da kika ce ba sanyi ba ne. Yaya ciwon bayan? Kada ki riƙa ɗaga ta ke kaɗai. Ni lafiya nake, sai kewarki.

Za ki yi mamakin ganin takarda tunda kowace Lahadi muna waya. To minti goman nan da kike samu kafin a kira ki ba ya isa ta, ni da sai na juya magana sau uku a baki kafin in faɗe ta.

Yaya Nevena ta kira ni daga Plovdiv. Likita ya ce zuciyar Inna ta gaji, kuma mantuwar tana ƙaruwa. Kullum da safe sai ta haɗa jakarta ta zauna bakin gado, ta ce a kai ta gida. Yaya ta ce in har za a mayar da ita Dryanitsa to bana ne, kada mu yaudari kanmu da baɗi. Muka tsayar da bayan idin Waliyyi Georgi, farkon Mayu, in rana ta fara shiga tsakar gida. Na ce zan hau ƙauyen in share gidan in kunna wuta. Na yi alkawari da bakina, Inna tana ji.

Ranar Asabar na tashi daga aiki na hau. Motar ta sauke ni a gada, sauran na taka, dusar ƙanƙara har idon sawu. Ina tafiya ina ƙirga gidajen da hayaƙi ke fita, tara na samu. Shekaru biyu ke nan gidanmu a kulle.

Ƙasan benen lafiya lau. Bangon dutse yana nan yadda yake, har igiyar jakin Baba tana rataye. Da na hau sama na buɗe ɗakin Inna sai wani wari ya tare ni, irin na dankalin da aka manta a buhu. Na fara duba daɓe. A bushe yake, ko ɗigo ɗaya babu, har na ji daɗi a raina na ce aikin da na yi wa rufin shekaru biyar da suka wuce bai tafi a banza ba. Sai na ɗaga kai. Silin ɗin ya yi ciki kamar jakar da aka cika. Siffar rana da kakan Baba ya sassaƙa a tsakiyarsa, wadda hayaƙin shekara ɗari ya mayar baƙa wuluk, ta yi fari-fari da fumfuna. Na hau kujera na taɓa gefenta, yatsana ya shige kamar burodin da ya sha ruwa.

Ban gane ba, Zlatka. Rufin ba ya yoyo, to daga ina ruwan? Na zauna a matakala na rubuta dalilai huɗu a littafina, na soke uku, na huɗun kuma ban so in kalle shi ba. Na aika wa Kawu Zahari. Tun da Baba ya rasu shi kaɗai ya rage a ƙauyen nan da ya san jera allunan dutse a kan rufi. Ya ce ba zai hau ba sai ƙanƙara ta sauka, wai shekara saba'in da tara ya yi yana guje wa mutuwar wauta, ba zai yi ta don ni ba.

Ban gaya wa Yaya ba tukuna. Wataƙila abin bai kai yadda nake gani ba, kin san ni da kambama abu.

Ki gaishe da Ginka in kun haɗu a coci. Ki ci abinci.

Mijinki,
Momchil


Dryanitsa, 27 ga Afrilu

Zlatka tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Takardarki ta iso, da hoton teku. Na gode da addu'a. Na ga kin rame, ko hoton ne?

Kawu ya hau ranar Laraba. Ni na riƙe masa tsani. Ya taka rufin a hankali, yana buga alluna da ƙotar guduma yana saurare. Daga nan ya durƙusa ya ɗaga allo ɗaya, ya ɗaga na biyu. Sai ya leƙo ya ce in hau. Ya sa wuƙa ya yaga ledar da ke ƙarƙashin alluna ya juya mini cikinta. Ruwa ne jere a jiki kamar zufa a goshi, azarar da ke ƙasa kuwa ta yi baƙi ta yi laushi.

Ya ce, "Wane ɗan banza ne ya sa wa gidan Andon mijin yayata leda?"

Na ce ni ne.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya zauna a kan dutsen ya yi mini bayani kamar wanda bai taɓa ganin gida ba. Allunan nan ba ƙusa ba siminti, nauyinsu ke riƙe su, kuma ba a banza ake barin 'yan kafofi tsakaninsu ba. Tururin girki da numfashin mutane da hayaƙin murhu duk ta nan suke fita, hayaƙin ya busar da azara ya kori tsutsa. In wuri ya fara ɗiga, ka hau da bazara ka gyara wa allo ɗaya zama, shi ke nan. Ni kuwa na rufe wa gidan hanci da baki. Shekara uku Inna na girki a ƙasan ledar, shekara biyu gida a kulle ba wuta, danshi ya rasa hanyar fita ya koma cikin itace.

Kin tuna lokacin. Shanyewar jiki ta kwantar da Baba, ba baki, ba hannun dama. Duk daminar nan ruwa na ɗiga daidai ƙafar gadonsa, Inna na ta sa kwano. Kawu yana Varna wurin ɗansa. Na kasa jure ganin mutumin da ya rufa wa rabin ƙauyen nan gida yana kwance ruwa na ɗiga masa. Na ɗauko abokan aiki biyu daga wurin yankan katako muka sauke alluna, muka shimfiɗa leda mai kauri, muka mayar. Kwana huɗu. Ke kika dafa mana wake.

Da na koma gari na ciro littafina na shekarar. Ga abin da na rubuta ranar 11 ga Agusta: mun fito da Baba tsakar gida a kujera saboda ƙura, da ya ga muna shimfiɗa ledar ya yi ta buga hannun hagu a jikin kujera, ina jin murna yake, na ɗaga masa hannu daga sama.

Na ɗaga masa hannu, Zlatka. Yini guda yana bugawa. Inna ta kawo masa ruwa ya ture, muka ce zafi ne. Da yamma hannun ya kumbura. Har wannan na rubuta, da sunan man da aka shafa masa. Shekara ashirin da biyar ina rubuta duk abin da na gani, ashe ban san ko me nake gani ba.

Kawu ya ce azara duka sai an sauke, da silin. Kwanon rufi ba a yarda da shi a ƙauyen nan ba, ko an yarda ma ba zan sa ba. Na tambaye shi ko za a gama kafin idi, ya ce wane idin, na bana ko na baɗi? Itacen da yake so sai wanda aka sare da hunturu ya bushe a inuwa, ba irin ɗanyen da muke yankawa a wurin aiki ba. Wani Rasim a ƙauyen ƙetaren rafi yana da shi, kuma ya iya sassaƙa.

Na gaya wa Yaya komai, har da ledar. Ta ce ita me za ta ce wa Inna gobe da safe in ta haɗa jaka? 

Na ɗauki hutu ba albashi. Ki yafe mini ban shawarce ki ba.

Naki,
Momchil


Dryanitsa, 16 ga Agusta

Matata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata zafin can bai hana ki barci ba, kuma tarin tsohuwar ya lafa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannun ne ba ya riƙe alƙalami da yamma.

Kin ce in daina tuhumar kaina, don ƙauna na yi. Na karanta wurin sau da yawa. Gaskiya ne, amma azarar ba ta san da haka ba.

Mu uku muke aikin, ni da Kawu da Rasim, wani dattijo mai shiru da ke zuwa da alfadarinsa. Kafin a sauke alluna na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu lamba da alli, dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin da takwas, na zana taswira don kowanne ya koma wurinsa. Kwana biyu na yi. Kawu na zaune yana cin cuku yana kallona, yana ce wa Rasim ga Malam Magatakarda yana yi wa duwatsu rajistar haihuwa, in an gama za a ba su katin zaɓe. A rana ta uku aka yi ruwa ya wanke lambobin tas. Rasim ya yi dariya har da tari, karo na farko da na ji muryarsa sosai. Kawu bai ko kalli taswirar ba. Zai ɗauki allo ya juya shi a hannu, ya san na gindi ne ko na tsakiya ko na kai. Manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ni aikina ɗauka da miƙawa, in na miƙa wanda ba shi ba ya ce da Andon ya haifi jaki da ya fi samun taimako.

Ranar da muka zo sauke silin na roƙe su a yi a hankali da sassaƙen ranar. Muka shimfiɗa bargo, muka tallafe ta mu uku. Ta rabu a hannunmu kamar wainar da ba ta gasu ba. Guntu ɗaya ya tsira, tsawon tafin hannu. Rasim ya duba shi ya ce zai iya yin wata, ba za ta kai waccan ba amma za a san rana ce. Ya yi ta cikin sati uku, kuma ta yi kyau.

Inna kan karɓi waya duk Asabar. Wani lokaci ta san ni, wani lokaci ta ɗauka ni ƙanenta Zahari ne. Tambayarta ɗaya ce, yaushe. Na ce mata hanya ce ta lalace. Na ce mata farar ƙasa muke shafawa. Na ce mata mota babu. Duk na rubuta su don kada in maimaita ƙarya ɗaya sau biyu, sai daga baya na tuna ba za ta tuna ba. Yaya ta ce ƙafafunta sun fara kumbura.

Shekaranjiya aka ɗora babbar azarar kai. Kin san al'ada. Rasim ya kafa sanda a ƙololuwa aka ja igiya, maƙwabta suka kawo kyauta ga magina. Da can ƙauye duka ke fitowa, ranar mu bakwai ne, har da wasu baƙi biyu masu ɗaukar hoto da ba su san me ake yi ba. Goggo Stana ta gidan ƙasa ta kawo safa da ta saƙa. Na ba da riga da sunanki, da tawul daga akwatin auren Inna da sunanta. Kawu ya tsaya can sama yana ɗaga kowace kyauta yana shela, wance ta kawo kaza, Allah ya ba ta lafiya da tsawon kwana, a buga guduma. Muryarsa na zuwa dutsen ƙetare tana dawowa. Da ya ɗaga tawul ɗin ya ce Todora matar Andon, uwar gidan nan, sai ya tsaya. Yayarsa ce, ita ta goye shi. Rasim ya buga gudumar aka wuce.

In ba a yi ruwa ba, sati biyar ya rage. Ina ƙirgawa, ina kuma tsoron ƙarar waya.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki mai kewarki,
Momchil


Dryanitsa, 2 ga Oktoba

Zlatka,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na san kina jiran labari, kuma ranar Lahadi na ce miki lafiya lau kawai. Ga sauran.

An ɗora allo na ƙarshe ranar 20 ga Satumba. Na wanke daɓe, na mayar da gadonta inda yake, da shimfiɗun ulu, da hoton Maryamu a kusurwa, da agogon Baba. Ina da hoton ɗakin na da, na bi shi abu bayan abu. Na kunna murhu. Na tsaya a ƙofa na duba sau biyu, ban ga abin da ya ɓata ba.

Yaya ta kawo ta ranar Asabar da hantsi. Daga gada muka ɗora ta a alfadarin Rasim. Ta rame ƙwarai, amma tun daga famfon bakin coci ta fara kiran sunayen gidaje, da na masu su da suka mutu tuntuni. A ƙofarmu ta ce a sauke ta. Ta dafa bangon dutse, ta tura ƙyauren da kanta, ta yi wa Yaya faɗa wai an bar ciyawa ta cinye mata wurin albasa. Na ce a raina mun ci.

Ni na ɗauke ta na hau da ita, ba ta fi buhun ulu nauyi ba. Na zaunar da ita a gado. Ta shafa shimfiɗar. Sai ta ɗaga kai.

Zlatka, ban taɓa tunanin launi ba. Wata shida ina auna tsawo da kauri, ban taɓa tunanin launi ba. Ta shigo ɗakin nan tana da shekara goma sha tara, ta haife mu a ƙarƙashin baƙin silin, ta yi jinyar Baba a ƙarƙashinsa. Yanzu sama duk fari ne fes, yana ƙamshin sabon katako, ɗakin ya yi haske kamar na asibiti. Ta daɗe tana kallon ranar da Rasim ya sassaƙa. Sannan ta gyara ɗankwalinta, ta ja jakarta kan cinya, ta zauna a gefen gadon irin zaman baƙunta.

Ta ce, "Gida ya yi kyau, Momchil, Allah ya sa albarka. Amma kada mu daɗe wa mutane. Ka kai ni gida."

Yaya ta nuna mata agogo, ta nuna mata hoton, ta ce Inna ga gadonki. Ta ce e, irin nata ne. Kawu ya hau ya zauna kusa da ita ya ce Yaya Todora, ba ki san gidan mijinki ba, ko tsufa ya mayar da ke 'yar birni? Ta yi murmushi ta ce masa shi da ma bai taɓa yin hankali ba, gidan Andon ba haka yake ba. Ta ƙi cin abinci, wai ba a ce mata bisimilla ba, ba ta ga matar gidan ba.

Na ja Kawu baranda na tambaye shi ko in shafa wa silin kunkunniya da mai. Ya ce zai yi baƙi amma ba zai yi ƙamshin ba, kuma ba za ta ruɗu ba, ta fi mu sanin ɗakinta. Na ce to in ana wuta kullum, shekara nawa kafin ya koma? Ya ce talatin, in matar gida mai yawan girki ce.

Da la'asar ta fara kuka ba sauti. Na sake ɗaukarta na sauko, niyyata mu koma gada. Da muka iso ƙasa, wurin da jaki da tumaki suke kwana da, ta ce in tsaya. Azarar wurin ba mu taɓa ta ba, tsohuwa ce, baƙa. Ta shaƙi iska, ta kalli sama, jikinta ya saki a hannuna. Ta ce in ajiye ta, ai mun iso.

To nan take yanzu. Mun share, mun shimfiɗa katako a kan daɓen dutse, mun sauko da gadon, Rasim ya kawo ƙaramin murhun ƙarfe muka fitar da bututunsa ta taga. Tagar ba ta fi faranti ba. Yaya ta yi kuka ta ce ba za ta bar uwarta a turken dabbobi ba, ta kwana uku tana faɗa, sai ta ga Inna na cin dankali da kindirmo, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba. Ta koma Plovdiv ranar Laraba, za ta riƙa zuwa ƙarshen mako. Ma'aikaciyar jinya ta zo daga gari ta duba ta, ta ce in ta ga Kirsimeti mu gode Allah.

Da rana nakan fitar da ita tsakar gida. Ta san kowane dutse. Ba ta haɗa jaka kuma. Matakalar ce kawai ba ta kallo. Abin da ta ajiye a ranta shi ne Baba ya ba wasu baƙi ɗakin sama, mu muka sauko na ɗan lokaci, kuma in na hau ɗauko wani abu sai ta ce in taka a hankali kada in dame su. Jiya ina ba ta shayi ta riƙe hannuna ta tambaye ni, a asirce, yaushe mutanen nan za su tafi, don tana so ta kwanta a ɗakinta ko sau ɗaya. Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce ba komai, baƙo ba a korarsa, za ta jira.

Ba zan koma aiki ba sai abin da Allah ya yi. In za su ba ki ko sati biyu, ki zo kafin hanya ta rufe. Tana tambayarki da sunanki.

Ki gaishe da tsohuwarki. Allah ya tsare mini ke.

Mijinki,
Momchil